Kwalliyar da Ba Ta Wankuwa

Landan, Fabrairu

Zuwa ga yayata Eudora,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Mama da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Mama? Ki ce mata man shafawarta yana hanya, na ba matar Fasto da za ta zo Barbados wata mai zuwa.

Ki yi haƙuri da shirun da na yi tun wayar da muka yi bayan gobarar. Hannuna ne ya ƙi ɗaukar biro. Yanzu dai an sallamo Selwyn daga asibiti, yana gida, yana cin abinci, har ya fara yi min ƙorafin gishiri, kin ga alamar sauƙi ke nan.

Ba zan ɓoye miki ba, idan kika gan shi ba za ki gane mijina ba sai ya yi magana. Wutar ta ci rabin fuskarsa na hagu da kunne da bayan hannuwansa. Likitoci sun yanko fata daga cinyarsa sun liƙa a kumatu, wurin ya yi sheƙi, ya ja bakinsa gefe. Mutanen coci suna zuwa dubiya, Allah ya saka musu, amma dukkansu da kafaɗarsa suke magana. Wani ya kalli kafaɗa, wani ya kalli labule, wata kuma ta zuba wa kofin shayinta ido har ta tafi. Shi kuwa yana lura.

Kin tuna ɗan ɗakin katakon nan nasa na ƙofar arewa a tasharmu ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda yake tsayawa yana karɓar tikiti, wanda nake tsokanarsa ina ce masa akurki? Wuta ba ta kai can ba. Da ya zauna a cikinsa ranar, ko gashinsa ɗaya ba zai ƙone ba. Jin ihu ya sa ya bar shi ya ruga babban zaure yana mayar da mutane baya, a nan harshen wutar da ya taso daga matattakala ya same shi. To wannan akurkin shi ne abin da ya riƙe shi a duniya yanzu. Sama da shekara ashirin yana ce wa rabin unguwar nan ina kwana daga cikinsa, kuma ya rantse sai ya koma. Kullum da yamma sai ya tsaya a ƙofar kicin, ni kuma in yi ta wucewa ina miƙa masa tsofaffin tikitin bas don yatsunsa su saba. Idan tikitin ya faɗi sai ya ce, "Baiwar Allah, koma ki sake, ba a wuce ni haka." Jiya na ce masa tuwon masarar zai ƙone, ya ce fasinja ba ta gardama da ma'aikaci.

Ni kuma ina can tasha. An ɗebe mu masu shara an tura mu ƙarƙashin sauran matattakalan lantarkin nan na katako, wai mu kankare. Yaya, ke da kika yi shekaru kina dafa shayi a ɗakin ma'aikata, kin san a kan me kike hawa kullum? Giris ne ya taru ya yi kauri ya haɗe da gashin mutane, da guntayen sigari, da ashana, da tikiti, da kashin ɓera, da ɓerayen kansu waɗanda suka mutu suka bushe a ciki. Da shebur muke yanka shi. Idan aka ɗaga sai wani wari ya bugo ki, na tsohon mai da mushe. Ranar farko sau biyu na yi amai a bokitin da nake cikawa. Wannan ƙazantar ce ashana ɗaya ta faɗa wa, ta kashe mutane, ta cinye fuskar Selwyn, kuma tun kafin ki bar aiki take kwance a wurin.

Manajanmu Mista Pettifer ya leƙo da hankici a hanci, ya ce, "Verna, ku riƙa fitar da bokitan ta ƙofar baya, masu bincike suna zuwa." Na ce, "Yallaɓai, ai su ya kamata su gani." Ya yi kamar bai ji ba. Na dawo gida na wanke hannu har fata ta yi zafi, duk da haka da na zauna cin abinci sai na ji warin a cikin cokali.

Ki gaida Mama ki ce ta ci gaba da addu'a. Ki gaida maƙwabta.

Ƙanwarki,
Verna

Landan, Mayu

Yayata Eudora,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma tambayar lafiyarki da ta Mama. Takardarki ta iso, da barkonon da kika aiko. Selwyn ya ce in gaya miki shi kaɗai ne maganin da ya sa shi hawaye bai ji haushi ba.

Kin tambaya ko ya koma aiki. Ya koma, amma ba inda kike zato ba. Sun kai shi wani ɗaki a can ƙasa, babu taga, an jera akwatunan talabijin da ke nuna kowane lungu na tasha. Aikinsa ya zauna ya kalla. Ta ƙofar ma'aikata yake shiga, ta nan yake fita. Ɗaya daga cikin akwatunan ƙofar arewa yake nunawa, don haka yini guda yana kallon wani mutum da aka aro daga wata tasha yana tsaye a akurkinsa yana karɓar tikiti ko kai ba ya ɗagawa. Yana dawowa sai ya ce min, "Verna, mutumin nan ko tsohuwa mai sanda ba ya gaisarwa."

Ba zan yi ƙarya ba, an gyara abubuwa. An hana shan taba ko'ina, har bakin titi. An sa matattakalar ƙarfe a gurbin wadda ta ƙone, sauran ma za a canza su. An rataye tukwanen kashe gobara, an raba wa ma'aikata oba-oba, an koya mana inda za mu bi da mutane. Duk wannan daidai ne, kuma da an yi shi tuntuni da ban rubuta miki irin takardun nan ba. Abin da ke tayar min da zuciya shi ne yadda suke yinsa suna washe baki, kamar kyauta suke ba mu. Ko'ina an manna hoton wata kyakkyawar yarinya da hular aiki tana murmushi, an rubuta lafiyar fasinja ita ce gaba da komai. Yarinyar ko ƙofar tasharmu ba ta sani ba. Wanda ya ba da fuskarsa saboda fasinja kuwa an kulle shi a ƙasa da tsintsiyoyina. Kuma ni ke share ofishin Pettifer, na san abin da nake tararwa a ƙasan kofinsa kowace safiya, tokar sigari ce, ba ganyen shayi ba.

Selwyn ya je ya same shi a kan maganar ƙofa. Ya ce masa, "Selwyn, kai namu ne, kowa yana alfahari da kai. Amma fasinjoji yanzu hankalinsu ya fara kwanciya, ka gane ai. A bari abin ya ɗan lafa." Wato fuskar mijina ce ba ta lafa ba.

Sai kuma makon jiya ga Pettifer da kansa har ɗakin talabijin, da fara'arsa. Wai ranar wata Lahadi a watan gobe za a rufe tasha da safe a yi babban atisayen gobara, da 'yan kwana-kwana da motocin asibiti da manya daga hedikwata da masu ɗaukar hoto. Ya ce, "Muna so ka taimaka mana ranar, babu wanda ya fi ka cancanta. Idan an gama lafiya, sai mu yi maganar ƙofa."

Tun ranar Selwyn bai zauna ba. Ya kai yunifom wajen mai guga, ya goge maɓallan hula, yana ta bitar yadda zai tsaya a zaure ya nuna wa matasa yadda ake juya taro. Na ce masa ni dai ban yarda da mutumin da ke yi maka murmushi yana kallon aljihun rigarka ba. Ya ce, "Ke dai Verna, ko ruwan sanyi aka ba ki sai kin hura." Muka yi 'yar rigima, na bar shi. Rabon da in ga yana waƙa a banɗaki tun kafin gobara, shi ya sa na ja bakina na yi shiru.

Ki sa mu a addu'a. A gaida Mama da kyau.

Taki,
Verna

Landan, Yuni

Yaya Eudora,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu ma jikinmu lafiya. Kada ki karanta wa Mama wannan, ki ce mata kawai muna gaishe ta.

An yi atisayen jiya. Na rasa wanda zan gaya wa, kuma idan ban fitar da shi ba zai ruɓe min a ciki.

Mun isa da sassafe, Selwyn cikin yunifom ɗinsa kamar ango. A zaure muka tarar da wata ƙungiya ta 'yan sa-kai, yawancinsu tsofaffi masu fansho. Ashe sha'awarsu ke nan a duniya, duk inda za a yi atisaye sai su je a yi musu kwalliyar rauni su kwanta suna nishi. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Madam Tranter, ta baje akwatinta a kan tebur: kakin zuma, da roba, da fenti, da kwalaben jinin ƙarya mai warin sukari. Tana liƙa wa wannan ƙuna a kumatu, tana ɗora wa wancan kunnen da ya narke. Suna ta raha. Wani tsoho yana rigima wai shi kullum karaya ake ba shi, yau sai an bar shi ya mutu. Wata kuma tana duba madubi tana cewa a ƙara mata ja, nata bai kai na ƙawarta ban tsoro ba. Duk wannan a zauren da aka kwashe gawarwaki, Yaya, a kan sabon daɓen da aka shimfiɗa don rufe inda suka kwanta.

Pettifer ya zo ya dafa Selwyn, ya ce, "Madalla. Kai a gindin sabuwar matattakala za ka kwanta, kusa da bango."

Selwyn ya ce, "In kwanta, yallaɓai?"

Ya ce, "Cikin waɗanda suka ji rauni mana. Mutanenmu ba su cika ba, kai kuma ba sai an ɓata lokaci a kanka ba. Zai taimaka wa yaran kwana-kwana ƙwarai."

Na kama hannun Selwyn na ce, "Zo mu tafi gida."  Sai ya ce min a hankali, "Sa'a ɗaya ce, Verna. Na yi watanni a kwance, wannan ba za ta kashe ni ba. Gobe ina ƙofata." Ya cire hularsa ya ba ni, ya sauka ya kwanta a tsakanin tsohon nan mai son mutuwa da matar da aka ƙara wa ja.

Aka saki hayaƙin ƙarya, aka kaɗa ƙararrawa, 'yan sa-kai suka ɓarke da kuka da kiran sunayen 'ya'yan da ba su da su. Ni ina tsaye a gefe da bokiti da tsumma, don an ce in jira in goge jinin idan an tashi. Ina hango shi ta cikin hayaƙin, idonsa a buɗe yana kallon rufi. Shi kaɗai ne bai yi ko tari ba.

Da hayaƙi ya washe sai babban baƙo ya sauko, wani dogo daga hedikwata da ake kira Mista Ormerod, Pettifer yana biye da shi, masu hoto suna biye da Pettifer. Yana bin layi yana duba raunuka yana yaba wa Madam Tranter. Wannan ya yi kyau, wancan kamar gaske. Da ya iso kan Selwyn sai ya tsaya, ya yamutsa fuska, ya ce, "Wannan kam an zarce. Madam, ƙunar gaske ba haka take ba, wannan ai sai a fim. A rage ta kafin a ɗauki hoto, kada mu tsorata jama'a."

Kafin kowa ya buɗe baki ya durƙusa, ya sa babban yatsa a kumatun Selwyn, a kan fatar da aka yanko daga cinyarsa, ya murza. Ya duba yatsan, bai ga fenti ba. Ya sake murzawa da ƙarfi.

Madam Tranter ta ce, "Yallaɓai, wannan ban taɓa shi ba."

Selwyn ya ce, "Ka yi haƙuri, yallaɓai, haka wutar ta yi min ita. Ba a ba ni zaɓi ba."

Har tsohon da ya mutu sai da ya tashi zaune. Ormerod ya miƙe, fuskarsa ta yi ja, ya fara kame-kame. Na so in ji tausayinsa, don kuskure ne, bai sani ba. Amma yana cikin ba da haƙurin sai na ga ya zaro hankici daga aljihu yana goge yatsan. Babu komai a yatsan, Yaya, ya duba da idonsa ya ga babu komai, amma ya goge, ya ninke hankicin ya mayar. Na kwashe ƙazantar shekara da shekaru a ƙarƙashin matattakala, ban ga abin da ya tayar min da zuciya kamar wannan ba.

Bayan nan aka ce kowa ya je ya wanke fuska a zo a sha shayi. Suka yi layi a bakin famfo suna ɓare kumatu da kunnuwa suna jefawa a bokitina, suna fitowa fes, suna tambayar ina biskit. Selwyn yana tsaye a gefe yana kakkaɓe ƙurar yunifom ɗinsa. Madam Tranter ce kaɗai ta je wurinsa, ta kama hannunsa tana kuka, ita ma da maɓallin rigarsa take magana.

Bokitin ya cika da jan ruwa, guntayen fuskoki suna yawo a sama. An ce in zubar a bayan gida. Na ɗauke shi na ratsa zaure, na ture farantin biskit, na dire shi a kan teburin manya a gaban Pettifer. Na ce, "Yallaɓai, ga fuskokin an dawo da su. Saura ɗaya." Na miƙa wa Selwyn hularsa muka fito.

A hanya ya yi min faɗa, wai zan ɓata masa maganar ƙofa. Har yanzu a kan ƙofar yake. Yau Litinin, yanzun nan ya fita da sassafe da hularsa, ni kuma an ce in zauna a gida sai an neme ni.

Zan rubuto idan ya dawo. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Verna

Landan, Yuli

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama, da fatan damina ta zo muku da sauƙi. Na ce zan rubuto da wuri ban yi ba, ki yafe ni.

Ranar Litinin ɗin nan ban iya zama a gida ba, na bi bayansa. Na same shi a ƙofar arewa yana tsaye. Babu akurkin. Babu komai sai wani fili mai kusurwa huɗu da ya fi sauran daɓen haske, da ramukan kusoshi. Ma'aikatan da ke tattara kayansu suka ce ranar Lahadi da rana suka cire shi, ana gama atisaye. Sabuwar doka ta ce kada a bar katako ko ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, kuma injin karɓar tikiti za a kafa a wurin. Na tambayi babbansu yaushe aka ba su aikin. Ya ce tun watan Afrilu, manaja ne ma ya roƙa a ɗaga musu zuwa bayan atisaye.

Kin gani ke nan. Ranar da Pettifer ya sauka ɗakin talabijin da fara'arsa, ya riga ya sani. Da ya fito ya gan mu, abin da ya ce shi ne, "Doka ce, Selwyn. Ai kai ka fi kowa sanin illar katako." Kuma dokar daidai ce, shi ne abin da ya fi ƙona min rai. Ni ma da hannuna zan fasa kowane katako a tashar nan. Amma da ya gaya masa gaskiya tun farko, da mijina bai kwanta a ƙasa wani ya murza masa fuska ba.

 Selwyn ya gyara hula, ya shiga tsakiyar filin nan ya tsaya. Lokacin cunkoson safe ne, jama'a suna ta kwararowa. Ya miƙa hannu yana cewa, "Ina kwana. Ina kwana, a sauka lafiya." Mutanen da ya san sunayen 'ya'yansu suka riƙa rabewa gida biyu suna kewaye shi, kowa ido a takalminsa. Bai fasa ba har taron ya ƙare. Sannan ya cire hular ya ajiye a kan daɓen, ya ce, "Verna, mu je gida." Da muka hau bas sai ya ce, "Ba wannan gidan nake nufi ba."

Don haka, Yaya, ɗakin bayan nan na gidan Mama, idan har yanzu tarkace ne a ciki, ki sa a kwashe. Ya ajiye aiki, ni ma ban jira sun neme ni ba. Muna sa ran tasowa kafin sanyi ya shigo, zan yi miki waya idan mun tsayar da rana. Ya ce a gaya wa Mama ta tanadi kuɓewa da kifi.

Kada ki wahalar da kanki da wani shiri. Abu ɗaya nake roƙonki, ki kuma gaya wa Mama da duk wanda zai zo tarye. Idan ya fito daga jirgi zai miƙo miki hannu ya gaishe ki, don shi bai iya wucewa bai gaisa ba. Za ki ji wani abu a cikinki, na sani, ni ma na ji a ranar farko. Ki yi kuka idan kuka ya zo, ki yi ihu ma idan kin ga dama, ba zai ji haushi ba. Amma kada ki kalli kafaɗarsa. Ki dube shi a fuska.

Sai mun iso, da yardar Allah.

Ƙanwarki mai kewarki,
Verna Alleyne